Shekara Tara Bayan Rifkatu, Har Yanzu Ana Tambayar Gogewa

Shekara tara ke nan, a cikin wannan wata na Agusta, da muka raka Rifkatu makwancinta a ƙauyensu da ke bayan Bogoro. Ba 'yar'uwata ba ce ta jini, addininmu ma ba ɗaya ba ne. Ni 'yar unguwar Ɗan Iya ce, ita kuwa iyayenta daga kudancin jihar Bauchi suka taso suka kama haya a Yelwa, inda mahaifiyarta take sayar da kayan miya tun bayan rasuwar maigidanta. Makaranta ce ta haɗa mu. Difloma muka yi a fannin shari'a, benci ɗaya muke zama, kwano ɗaya muke ci, har malamai suka daina kiran sunan ɗayarmu ba tare da sun waiwayi ɗayar ba.

Rifkatu siririya ce, mai yawan dariya da son musu. Ba ta barin magana ta wuce sai ta ji hujjarta. Na taɓa ganin ta tsayar da mai keke a bakin kasuwa tana yi masa bayanin abin da ya kamata ya yi idan an ƙwace masa keken ba bisa ƙa'ida ba, mutumin ya kashe inji yana saurarenta, sauran fasinjoji suna tsaki. Burinta ba mai tsawo ba ne a farko. Tana so ta samu aikin akawu a ofishin wani lauya, ta riƙa buga takardu, tana kai su kotu, tana tsara fayil, daga nan ta lallaɓa ta koma jami'a ta zama lauya ita ma. Tana kuma da ciwon sikila. Wannan ni da mutanen gidansu kaɗai muka sani.

Da muka gama karatu, mun zaci wahala ta ƙare. Muka sayi baƙaƙen riguna a gwanjo, muka goge su, muka zuba takardunmu a ambulan, muka shiga gari. Babu benen da ke da allon lauya a Bauchi da ba mu hau ba. Tambayar guda ce a ko'ina: a ina kuka taɓa aiki? Idan muka ce yanzu muka gama makaranta, sai a ce mu je mu samo gogewa mu dawo. Wata rana a kan matakala, bayan an sallame mu, Rifkatu ta tsaya tana maida numfashi, ta dube ni ta ce, "Hajo, wai ita gogewar nan a wace kasuwa ake sayar da ita? Ko a Wunti ne mu je mu taya?" Muka yi dariya har mai gadi ya leƙo. Amma dariyar ba ta kai mu bakin titi ba.

A wani ofishi an kusa ɗaukarta. Lauyan ya yi mata tambayoyi, ta amsa, ya ji daɗi. Da ya tambaye ta ko akwai abin da zai iya hana ta zuwa aiki, sai ta faɗa masa gaskiya game da ciwonta. Nan take fuskarsa ta canja. Ya ce aikinsu na gaggawa ne, kotu ba ta jiran marar lafiya, za su neme ta. Ba su neme ta ba. Tun daga ranar ta yi alkawari ba za ta sake faɗa wa kowa ba.

Ni kuwa ina da uwa a gindin murhu. Kawuna ya yi makaranta da wani babban lauya, ya kira shi a waya, washegari na fara aiki. Ba wanda ya tambaye ni inda na taɓa aiki. Na je Yelwa in faɗa wa Rifkatu ina jin nauyin maganar, amma ita tsalle ta yi ta rungume ni, ta aika aka sayo mana masa da miyar taushe. Ta ce idan ɗaya ta haye, ai ɗayar ta ga hanya. Na yi mata magana a wurinmu ba sau ɗaya ba, amsar dai ita ce babu gurbi.

Daga baya wani barista, wanda ba zan kama sunansa ba, ya ce ta zo ta zauna a ofishinsa ta koyi aiki. Babu albashi, amma idan ta yi 'yan watanni zai ba ta takardar shaidar cewa ta yi aiki a wurinsa, idan kuma gurbi ya samu ita ce ta farko. Ta karɓa da hannu biyu, don da babu gara ba daɗi. Ita ke buɗe ofis, ita ke rufewa. Ta koyi buga takardar rantsuwa da ta yarjejeniyar haya, ta san ƙofar kowane rajistara a kotu, ta san wanda ake gaisarwa sau biyu kafin ya buga hatimi. Idan matan ƙauye suka zo da rikicin gona ko na gado, ita ke zama da su a benci tana fassara musu abin da takarda ta ce, da Hausa ko da yarensu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Watanni suka zama shekara. Duk lokacin da ta tuna wa barista maganar takardar, sai ya ce ta bari ya dawo daga Jos, ko ta bari a gama shari'ar da ke gabansa. Ni a ganina ba mugu ba ne irin na labari. Mutum ne da ya samu mai yi masa aiki tsakani da Allah a kyauta, ya kuma san ranar da ya sa hannu a takardar nan, ranar za ta fara neman wani wuri. Da gurbi mai albashi ya samu, ɗan ƙanwar matarsa ya kawo. Rifkatu ce ta koya wa yaron aikin.

Na ce mata ta bar wurin. Ta ce, "In tafi ina, Hajo? Idan na fita yau babu takarda, shekarar nan ta tafi a banza, na koma wadda ba ta taɓa aiki ba. Idan na zauna kuma, ga shi kina gani." Gaba kura, baya siyaki.

A daminar da ta biyo baya, wata ranar Alhamis, aka ba ta takardun da dole a shigar a kotu kafin a tashi, don wa'adinsu a ranar yake ƙarewa. Hadari ya riga ya haɗo. Duk mai sikila ya san abin da dukan ruwa da sanyi suke yi masa, ita ma ta sani. Amma idan ta ce ba za ta je ba, sai ta faɗi dalili, dalilin kuwa shi ne abin da take ɓoyewa. Ta naɗe takardun a leda, ta sa su cikin riga, ta fita. Ruwa ya kama ta a hanya, keken da ta hau ya mutu a cikin ambaliya, ta ƙarasa da ƙafa. Takardun sun shiga a kan lokaci, ko ɗigon ruwa bai taɓa su ba. Ita kuwa ta koma ofis ta ƙarasa wunin da jiƙaƙƙun kaya a jikinta.

Ciwon ya tashi washegari. Ta sha tsallake irinsa, shi ya sa da na je asibiti na same ta tana murmushi cikin azaba, ban tsorata ba. Wannan karon ya kama ƙirji. Kafin mako ya zagayo ta rasu.

A wurin binnewa, mahaifiyarta ta riƙe hannuna, ta yi magana da irin Hausarta da ba ta bambanta mace da namiji. Ta ce, "Yarona ya gaji ne, Hajara. Ya gaji kawai." Barista ma ya zo ta'aziyya. Ya zauna a kan tabarma ya sunkuyar da kai, ya ce bai taɓa sanin tana da ciwo ba, kuma na yarda da shi. Ya ce da ma yana da niyyar rubuta mata takardar a ƙarshen watan.

Yau ni ce shugabar akawuna a ofishin da nake. Kowace safiya ina fitowa daga Gwallameji, unguwar da a zamaninmu rabinta gonaki ne, yanzu gidaje sun cinye ta. Gari ya faɗaɗa, allunan lauyoyi sun ƙaru, takardun da muke kaiwa da ƙafa wasunsu yanzu ta waya ake turawa. Ina yawan tambayar kaina abin da Rifkatu za ta ce da ta ga wannan zamani. Ina jin za ta ji daɗin cewa yara sun daina hawan bene da ambulan, daga ɗakinsu suke tura takardunsu. Amma da ta karanta sanarwar neman ma'aikata za ta ga ba abin da ya motsa. Aikin na mai farawa ne, sharaɗin kuwa sai wanda ya taɓa yi. Mu dai a da muna ganin fuskar wanda ya ƙi mu. Su yanzu shiru kawai suke ji.

Abin da ya fi damuna shi ne bakin da ke yin tambayar yanzu nawa ne. Idan yarinya ta shigo da baƙar rigarta a goge, ta zauna a gefen kujera kamar mai jiran hukunci, ni ce ke cewa, "A ina kika taɓa aiki?" Ba ni na kafa dokar ba, ba ni kuma da ikon sauke ta. Maigidana, wato lauyan da nake yi wa aiki, yana da hujjarsa: kuskure ɗaya a takarda yana iya jawo wa mutum asarar gidansa. Na san haka ne. Na kuma san babu wanda aka haifa da sanin aiki, ni ma a kan teburinsa na yi kurakuraina ya haƙura da ni, don albarkacin kawuna.

A watan jiya Naomi, autar su Rifkatu, ta zo ta same ni. Tana firamare lokacin da yayarta ta rasu. Yanzu ta gama difloma irin tamu, ta kuma zaga gari har takalminta ya cinye. Ita lafiyarta ƙalau, an gwada ta tun tana ƙarama. Na shiga wurin maigidana na roƙe shi ya ɗauke ta aiki. Ya saurare ni, ya ce babu gurbi mai albashi, amma tana iya zuwa ta koyi aiki. Abin da ya ci Doma, aka ce, ba ya barin Awai. Na yi kwanaki ina juya maganar kafin na je Yelwa. Mama, mahaifiyarsu, ta ji, ta ci gaba da tsinke alayyahunta. Naomi kuwa idonta ya yi haske, ta ce, "Anti, yaushe zan fara?"

Idan na auna abin da ya rage na Rifkatu, ba shi da yawa a ido. Ba ta bar ɗa ba, ba ta zama lauya ba, babu ofishin da sunanta yake cikin ma'aikatansa. Akwai dai matan da har yau idan mun haɗu a harabar kotu suke tambayata siririyar nan da ta taɓa yi musu bayani. Akwai kuma taurin kan da na tsinta a jikina, wanda ban taso da shi ba. Shi ya mayar da ni ofishin maigidana a karo na biyu, na tsaya a kansa har ya amince a gabana da gaban Naomi cewa kuɗin kekenta yana wuyansa, kuma kafin ƙarshen shekara zai sa hannu a takardar shaidarta, ko za ta zauna ko za ta tafi. Ni ke buga takardun ofishin, da hannuna zan ajiye masa ita. Ko zai cika, Allah ne masani. Iyakar abin da na iya ke nan, kuma na san bai kai abin da yarinyar ta cancanta ba.

Allah ya ƙara wa Mama haƙuri. Ranar Litinin Naomi za ta fara, ni zan nuna mata inda za ta zauna.