Salih Mai Ruwa da Irin Albasar Mati

A wani ƙauyen Hausawa da ke gefen Hajj Abdalla, in ka ce Salih sai a tambaye ka wanne. In ka ce Salih Mai Ruwa, ko jaki ya san hanyar gidan. Tun yana saurayi yake ban ruwa a hawasha, wato gonar da ya gada wajen ubansa a bakin tur'a. Mutum ne da zai tsuguna ya dubi ruwa yana shiga fangali, ya ce maka kafin a kira azahar zai kai kan iyaka, kuma haka za a yi. Ba shi da dukiya, ba shi da sarauta. Wannan suna shi ne rigarsa.

Abu guda ya tsana: musalsal, fim ɗin nan mai dogon zango da mata ke bi kashi-kashi, kowane kashi su ce masa halka. In ya tarar da su sun haɗa kai a kan waya sai ya ce, "Ku dai kun ji daɗi. Tuwo shina ƙonewa, ku kuna kukan mutuwar Baturke."

To, ashe ido ba shi da amana. Garin wucewa yana leƙe, har labarin wani attajiri da aka ɗaure bisa zalunci ya kama shi kamar ƙaya.

Ranar da layin ruwa ya zo kansu, maƙwabcinsa Mati ya kai tsohuwarsa asibiti Wad Madani. Da zai hau mota ya ce, "Yaya Salih, ga irin albasata nan. Ɗan ruwa kaɗan, ka san ba ta son yawa."

"Ni za ka koya wa? Tafi, ya zol, Allah shi ba ta lafiya."

Da hantsi ya saci wayar 'yarsa Muhsina, wadda ta ɗuro musalsal ɗin har ƙarshe a kasuwa, ya sa a aljihun jallabiya. Ya buɗe ruwa, ya zauna gindin dogonyaro, ya yi lissafi irin nasa: halka guda, fangali guda. In ta ƙare ya tashi ya toshe, ya juya ruwa gaba. Kafin la'asar, ga gona ta sha, ga labari ya ƙare, ba wanda ya sani.

Ta farko ta tafi daidai. Ta biyu ta ƙare ana ɗaga wa attajiri wuƙa, wayar kuwa ba ta jira kowa, ta zarce. Salih ya ce ai ƙasar nan ta dare, tana da ƙishi, za ta ɗauki biyu. Da ta ɗauki biyu ya ce ruwan yau ba shi da ƙarfi. Haka ya yi ta ja wa lissafi wuya har sai da ya ji sanyi a ɗuwawunsa.

Ruwa ya fasa kunya, ya bi ta kan irin Mati ya kwashe shi. 'Yan tsiron suna yawo kamar gashi a kwano.

Da mutane suka taru, wani ya ce ramin ɓera ne ya ci gindin kunyar. Kowa ya yarda, don wa zai zargi Salih? Mati da ya dawo har haƙuri ya ba shi. Salih ya sunkuyar da kai ya bar ɓera da laifi. Kwana da kwanaki abinci ba ya wuce masa maƙogwaro.

Ana nan, wata yamma mata suka taru a tsakar gidansa. Talatu matar Mati tana share hawaye tana cewa attajiri ya mutu, halas. Salih yana alwala bayan zana, bakinsa ya riga hankalinsa.

"Bai mutu ba! Ƙanensa ne aka binne."

Gida ya yi tsit. Su ko rabin labarin ba su kai ba.

Muhsina ta ce, "Baba, ashe kai ka ɗauki wayata ranar ruwa? Na ganta ba caji."

Talatu ba ta ɗaga murya ba. Ta gyara mayafi ta ce, "Malam Salih, ashe ɓeran ga yana jin Larabci."

Buta a hannu, ƙafa ɗaya ba wanki, ya nufi gidan Mati. Abin da suka faɗa ba wanda ya ji. Washegari dai an gan shi yana cire irin albasarsa kaf, yana dasawa a gonar Mati, tasa ta kwana fayau a shekarar.

Har yau shi ake kira in ruwa ya gagara, don ba wanda ya fi shi. Sai dai in ya tsuguna ya ce kafin azahar zai kai, ba a rasa wanda zai yi gyaran murya daga baya ya ce, "Halka nawa ke nan, Mai Ruwa?"

Ba ya amsawa. Fartanyarsa kawai yake dubawa.