Yarinyar da aka tsinta a Ƙofar Kabuga

Jiya ina ɗaure kayan da muka tara wa yaran da ambaliya ta rushe wa gidaje, sai kakata ta fito da kwandon gurasa, ta ce a haɗa.

Na ce, "Hajiya, da wannan ciwon ƙafar kika tsaya gaban tanderu?"

Ta zauna ta ce, "Shekarar babbar yunwa, Turawa ba su daɗe da zuwa ba, mutanen ƙauye suka cika Ƙofar Kabuga suna neman abinci. Wata Balarabiya mai gurasa daga Koki ta je raba sadaka, ta tarar da wata yarinya zaune gefen gawar uwarta. Ba ta tambayi 'yar wace ce ba. Ta goya ta zuwa gida, ta raine ta cikin 'ya'yanta."

Sannan ta dube ni ta ce, "Yarinyar nan ita ta haife ni."

Ashe dukanmu a gidan nan daga tsatson yarinyar muka fito.

Allah ya jiƙan Balarabiyar nan. Ku fa, wane alheri aka yi wa iyayenku da har yau kuke morarsa?