Rumfar Kaka Delu da Masu Ɗibar Wuta

Kowa a unguwarmu ya ɗauka don yara Kaka Delu take yin tatsuniya. Ba haka ba ne. Ni jikarta ce, a ɗakinta na tashi, kuma na san Kaka ba ta wani damu da yara ba. Mun cika mata kunne da surutu, muna cinye mata gyaɗa. Tatsuniyarta ta manya ce, manyan ma baƙi. Mu 'yan rakiya ne kawai.

Abin da ya sa na tayar da maganar shi ne Kawu Sale, shugaban masu gidajen unguwa, ya zo wa Umma da shawarar a rushe rumfar Kaka a gina shaguna, a kuma kafa ƙofar ƙarfe a bakin layi. Ya ce samarin da ke sauka daga Arewa suna fakewa a rumfar sun yi yawa, ba a san su ba. Umma ta ce ni nake share wurin tun rasuwar tsohuwa, don haka ni zan ba da amsa a taron unguwa.

Lokacin da muka taso daga unguwar Asata a cikin garin Inugu muka dawo nan bayan Abakpa, inda kwalta ta ƙare, gidajen ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Jar ƙasa, bishiyoyin kashu, gonakin rogo, sai mu. Mai okada in ya ji inda za ka, sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce ba ya shiga daji. Babana kullum da taɓo har gwiwa yake isa wurin albasarsa a kasuwa. Amma kusan duk wata sai ka ga an sare ciyawa a wani wuri, an kafa turaku, an ɗora kwano. Wani ya zo ke nan.

Kuma duk ɗan Arewan da ya zo, kuskure ɗaya yake yi. Sai ya kafa murhu a fili, ya jibge itace a jikin bango kamar yadda ake yi a gida, yana jiran ruwa ya zuba ya wuce, rana ta fito ta busar. Ruwan Inugu ba ya wucewa. Yakan zauna kamar ya zo gaisuwa ya manta hanyar komawa. Itace ya jiƙe, ashana ta yi laushi, yara na kukan yunwa. Ita ma Kaka ta sha wannan wahala, sai da maƙwabciyarmu Mama Ifeoma ta nuna mata yadda ake rufa wa murhu rumfa, a ɗaure itace a sama da shi hayaƙi yana busarwa. Tun daga nan wutar Kaka ba ta ƙara mutuwa ba. Da an idar da magariba sai ka ga mutane tafe da murfin tukunya ko gwangwani, ɗibar garwashi.

Ba ta taɓa hana kowa ba, amma tana da doka. Wanda ya zo ɗibar wuta sai ya zauna an gama tatsuniya.

Na tuna yammacin da Kawu Sale ya fara zuwa. Ba ɗan'uwanmu ba ne, girmamawa ce ta sa muke ce masa Kawu. Saurayi ne a lokacin, siriri, yana turin baro a kasuwa. Ya yi sallama jiƙe sharkaf, riƙe da gwangwanin madara.

"Inna, a taimaka mini da wuta."

"Daga ina?"

"Daga can bayan rogo."

"Rogo ne ya haife ka? Garinku nake tambaya."

"Wajen Gumel."

"To ɗan Gumel, zauna. Hajara, matsa masa. Wuta ba ta nuna ba."

Na matsa masa. Wuta kuwa tana ci balbal. Na buɗe baki zan faɗa, ta zungure ni da muciya. Ta gyara zama, ta ce, "Ga ta nan tafe, ruwa ya dake ta." Mu kuma muka amsa kamar kullum, "Ta shigo ta sha ɗumi." Ifeoma, 'yar maƙwabciyarmu, na gefena tana ja mini zane in fassara mata.

Labarin kusan guda ne ko yaushe. Bushiya ce ta fara samun wani tudu a bakin rafi, ta haƙa rami ta hura wuta. Zomo ya zo ya ce, akwai wuri? Ta ce a matsa. Kurege ya zo, a matsa. Kunkuru ya zo, a matsa. Da gari ya fara kama da gari, sai Zomo, wanda jiya jiya ya iso, ya fara kiran kansa ɗan ƙasa. Ya tara jama'a ya ce tudu ya cika, a yi shingen ƙaya. Ana gama shinge sai ga Zalɓe, dogo, jiƙe, yana rawar ɗari. Aka ce babu wuri. Ya koma ƙasa bakin ruwa ya tsaya da ƙafa ɗaya. Bushiya kaɗai ke miƙa masa garwashi ta ƙasan shinge, suna ɗan hira, har ta gane muryarsa, ta san kukansa na yunwa, ta san na tsoro. Ranar da rafi ya fara tasowa, Zalɓe ya yi ta ihu. Na cikin shinge suka ce baƙon nan ya cika waƙa. Bushiya ce ta ce ba waƙa ba ce, ta sa kowa ya kwashi wuta ya haye sama. Zomo ya tsaya gardama har ruwa ya cim masa, ya zabura a guje ya faɗa kan kaskon wutarsa, wutsiya ta ƙone. Shi ya sa har yau ɗan guntu ne gare shi.

"Kaka, ai jiya Kwaɗo ne aka kora," na ce.

"Jiya Kwaɗo ne ya zo ɗibar wuta, uwar garaje. Yau dubi ƙafafun wanda ya zo."

Kowa ya juya ya dubi ƙafafun ɗan Gumel, aka tuntsire da dariya, har shi. Kafin dariyar ta lafa, Malam Audu mai nama ya tambaye shi ko ya san wane a Gumel, ashe ya sani. Wata ta ce tana da ragowar kwano biyu a bayan ɗaki, ya zo ya ɗauka ya rufe murhunsa. Sannan Kaka ta ce, "Wuta ta nuna, kowa ya ɗebi tasa." Ya tafi da garwashi, ya tafi da suna. Shekara da shekaru Zalɓe ake kiransa, sai da ya yi tumbi aka daina.

Haka take yi. Baƙo gajere mai ƙiba ya zama Kwaɗo, mace mai yawan magana ta zama Kanari. Zomo kuma kullum da muryar wanda ya fi ƙorafi a makon yake magana, mai muryar yana zaune yana murmushin dole. Ni dai a lokacin haushi nake ji. Na san ƙarshen labari, ina so a kai ga ƙonewar wutsiya a tashi, ita kuwa sai ta tsaya tambayar baƙo sunan uwarsa.

Yanzu unguwa ta cika. Kwalta ta iso, keke napep na shigowa har ƙofar masallaci, akwai makaranta, akwai masu gyaran gashi. Kowa da tukunyar gas ɗinsa, ba mai neman garwashin wani. Ban ce da ta fi yanzu ba, ni ba na kewar taɓo. Kuma Kawu Sale bai yi ƙarya ba da ya ce ba a san samarin ba. Ni ma ban san su ba. Ina share rumfar da safe, in ga kwalayen da suka kwana a kai, in yi tsaki. Ban taɓa tambayar ɗaya garinsu ba. Na daɗe ina ɗauka darasin tatsuniyar shi ne a tausaya wa baƙo. Sai yanzu na ga Bushiya ba tausayi kaɗai ta yi ba, zama ta yi har ta gane murya. Ƙofar ƙarfe za ta tsare mutum a waje, amma ba za ta gaya maka wane ne shi ba.

Shekaranjiya wani cikin samarin ya yi sallama, riƙe da waya a mace. Ya ga farantin sola a kan rufinmu.

"Anti, a taimaka mini da caji."

Na miƙa hannu zan karɓa in ce ya dawo an jima. Sai na ji bakina ya ce, "Daga ina?"

"Daga kasuwa."

"Kasuwa ce ta haife ka?"

Ya yi dariya, ya ce wajen Shinkafi. Sunansa Bashari, yana wankin takalma, kuma tun da ya sauka ba wanda ya tambaye shi sunansa a layin nan.

To ga amsata, Kawu ya ji tun kafin taro. Rumfa ba za ta rushe ba. Zan ja waya daga sola in kafa dogon soket a jikin ginshiƙi, in sa benci biyu. Caji kyauta ne, amma ba a ajiye waya a tafi, mai ita zai zauna sai ta cika. Ban iya jan labari kamar tsohuwa ba, na san zan riƙa tsallake tsakiya, amma waya ba ta cika da wuri, dole in koyi haƙuri. Yammacin farko kuma Kawu Sale zan fara gayyata, in ajiye masa kujera kusa da Bashari. In ya ƙi zuwa, na riga na iya muryarsa.