Ranar da Na Sare Dawar Marayu da Hannuna

A lokacin da abin nan ya faru ni mace ce da sauran ƙuruciya, ban daɗe da fita takaba ba, ga 'ya'ya uku ƙanana, ga baki, don ni ba na barin ko-ta-kwana. Zamanin Bature ne, muna zaune a wani ƙauye na ƙasar Karaye. Mijina bai bar mana komai ba sai gona ɗaya 'yar ƙarama, daidai mararrabar da hanyar mota mai zuwa Rogo ta gitta turbar masu jakuna. Dawa muke shukawa a cikinta tun zamanin kakan yaran, da ita muke tuwo daga kaka zuwa kaka. Kafin zuwan motoci ba wanda ya taɓa ganin laifin gonar nan, don jaki ba ya banke jaki.

Da aka fara ɗaukar gyaɗa a manyan motoci sai gonarmu ta zama abin tsoro. Motocin suna fara zirga-zirga ne da ɗaukewar ruwa, daidai lokacin da dawa ta fi mutum tsawo. Direba ba ya ganin mai fitowa daga turba, mai jaki kuma ba ya ganin mota sai ta iso kansa. A shekarar mota ta fara kashe jakin wani mai kanwa daga Kwanyawa, shi kuma mai jakin ya tsira da karaya. Maganar ta kai majalisar gunduma, wadda hakimi yake shugabanta, dagatai suna zaune a gabansa.

Ni mace, ba ni da wurin zama a can. Ƙanin mijina ne yake zuwa bakin zaure ya saurara, ya kawo mini labari, kullum labarin ɗaya ne. Ashe gonar tana kan iyakar ƙauyuka biyu, kuma a al'adarmu wanda ya kawo mutanensa suka share wuri, ƙasarsa ce ke nan. Don haka dagacinmu ya ce shi zai gyara mararrabar, dagacin tsallake ya ce sai dai bayan ransa, shi zai gyara. Kowa yana son aikin, kowa ya hana ɗan'uwansa taɓa ko kara ɗaya. Wani zaman a ce a karkatar da turbar, wani zaman a ce a kafa allon gargaɗi, kamar jakuna sun yi makaranta. A tashi baram-baram, a sa wata ranar.

Suna cikin wannan ja-in-ja mota ta kaɗe wani tsoho mai saƙa, yana hanyar kasuwa daga Kafin Dafga da ƙullin fararen zannuwan da ya saƙa a ka. Ina cikin gonar ina tsinkar wake na ji ƙarar. Ni na fara isa kansa, ni na ɗiga masa ruwa a baki, a cinyata ya cika. Har yau idan na tuna sai zuciyata ta yi nauyi, don na san dawata ce ta tare masa gani. Bayan wannan Bature ya zo rangadi, ya ce idan ya dawo ba a daidaita ba, En'e, wato hukumar gargajiya, za ta karɓe gonar gaba ɗaya a faɗaɗa hanya. Ƙanin mijina ya ce in yi haƙuri, ba a ja da hukuma. Na ce masa haƙuri ba ya shiga tukunya, kuma gonar ba tawa ba ce balle in yafe, ta marayu ce.

Na daɗe ina juya abin a raina. Na lura duk masu gardamar nan ƙasa suke magana a kai, alhali ba ƙasar ce take kashe mutane ba, abin da ke tsaye a kanta ne. Kuma ni kaɗai ce zan iya sare shi ba tare da an ce wani dagaci ya ci iyaka ba, don mai gona ba ya neman izinin shiga gonarsa. Amma dawar ta riga ta fid da kai, ido bai nuna ba, saura kaɗan a girbe. Sare ta yana nufin rumbu wayam har baɗi. Na je wurin malamin da mijina ya yi karatu a gabansa, na durƙusa daga bakin ƙofa, na tambaye shi ko ya halatta in ɓarnatar da abincin marayu. Ya ce rai yana gaba da dukiya, kuma mai riƙon maraya yana iya sadaukar da amfanin shekara don ya tsare masa tushen. Ya ƙara da cewa in shirya, mutane za su ce na haukace.

Haka kuwa aka yi. Ranar kasuwa da hantsi na ci ɗamara, na ɗauki addar mijina, na fara daga bakin hanya. Wallahi saran farko sai da na yi hawaye, na ga zangarniya ɗanya ta faɗi a ƙasa. Mutane suka taru, wasu suna salati, wasu suna cewa iska ce ta shige ni tun mutuwar tsohon nan. Ƙanin mijina ya zo da gudu zai ƙwace addar, na ce masa ko dai ya taya ni ko ya ba ni wuri. Ya tsaya yana kallona, can sai ya tuɓe riga ya kama. Kafin la'asar mai tahowa daga turba yana hango mota tun daga nesa. Wani direba ya tsaya, ya sauko, ya dubi filin, ya sa mini albarka.

Hakimi da kansa ya zo ya gani, dagatan biyu suna biye da shi, kowa fuska a murtuke. Aka kira ni, na durƙusa, na ce ransa ya daɗe, abin da ake rigima a kai ga shi nan kwance, sai a bar wa marayu gonarsu. Na yi alkawarin daga yau ba za a ƙara shuka abin da ya wuce gwiwa a cikinta ba, gyaɗa ce kawai da dankali. Hakimi ya yi murmushi, ya tambayi dagatan ko da sauran magana. Dukansu suka ce babu. Da Bature ya dawo bai sami abin karɓewa ba.

Saura yunwa, ita ma Allah ya kawo mafita ta inda ban zata ba. Da aka yi girbi dagacinmu ya sa aka tara mana dammunan dawa, yana cewa ai ni talakarsa ce. Da dagacin tsallake ya ji, sai ya ga in ya yi shiru an ci iyakar ta hanyar tuwo, shi ma ya aiko da nasa, har sun fi yawa. Ni kuwa na karɓi duka biyun, na yi wa kowa godiya daidai wa daida. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ganin rumbunmu ya cika kamar shekarar ba. Yaran nan sun girma, gonar tana hannunsu, kuma ba a ƙara ɗaukar gawa a mararrabar ba muddin ina garin.

Na yi nasara, kuma ina alfahari da ita, amma ina da nadama ɗaya: da na ɗauki addar tun ranar da jaki ya mutu, da masaƙin nan ya kai kasuwa. Shi ya sa nake jan kunnen masu zama a majalisa, yayin da kuke gardamar wa zai yi, hanya ba ta daina cin mutane. Ku kuma 'yan'uwana talakawa, idan maganin wata masifa yana cikin gonarku, kada ku jira sai manya sun gama shawara. Dawa in an sare ta ana shuka wata baɗi, mutum kuwa ba a sake shuka shi.