Karsanar da Inna Ta Ɗaure a Ƙofar Yaya Habu

Shekara shida ke nan da muka kai yayana Habu makwancinsa a gabashin ƙauyenmu, cikin ƙasar Kwaya. Ya rasu ba zazzaɓi, ba tari, ba rauni a jiki. In aka tambayi mutanen garinmu abin da ya kashe shi, sai su kawar da kai. Mahaifiyarmu Inna kuwa tana da amsarta, wai taurin zuciya ne, kuma har yau ba ta furta cewa ta yafe masa ba. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san nauyin a ce mutum yana kwance a kabari uwarsa na riƙe da shi.

Kafin shekarar fari, Yaya Habu manomi ne kuma makiyayi, mai barkwancin da ko a bakin rijiya sai an taru a kansa. Shi ya ɗora ni a jaki ya kai ni lakwal, wato makarantar boko, a Magariya. Da fari ya zo, shanunsa suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Ba shi kaɗai abin ya shafa ba, amma sauran sun yi kukansu sun miƙe, shi kuwa ya zauna. Ya daina fira, ya daina zuwa kasuwa, tuwo ya riƙa hucewa a gabansa. An yi masa rubutu ya sha, an yi turare. Anfirmen garin, wato malamin asibiti, ya duba shi, ya ce lafiyarsa lau.

Inna tana da wata karsana, ita kaɗai ta rage a gidanmu. Da ciyawa ta ƙare a daji, sai Inna ta shiga kwance jinkar ɗakinta tana ba ta, har rana ta riƙa dukan gadonta. Da ta ga dabbar ta tsira, ta ja ta da kanta ta ɗaure a ƙofar ɗakin Yaya, a gaban dangi, ta ce ta ba shi ya sake kafa garke. Kowa ya zuba ido ya ga ya zabura. Ya ɗaga kai ya dubi karsanar kamar yadda ake duban bango, ya mayar da kansa ƙasa, bai ce ko na gode ba. Nan take Inna ta ce tun da ya wulaƙanta ta, ba ta yafe ba. Kafin damina ta faɗi ya rasu, ƙashi da fata.

Bana na kammala karatun likita a ƙasar waje, kuma a can na tarar da wani bincike da ya hana ni sukuni. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari mai suna sirotonin, wanda ake kyautata zaton yana da hannu a walwala, da barci, da sha'awar abinci. Ba a iya buɗe kan mai rai a auna shi, don haka masana suka bi ta bayan gida. Sukan ba mutum wani magani da ke zuga sirotonin, sannan su riƙa ɗibar jininsa lokaci bayan lokaci. In ƙwaƙwalwa ta amsa zugar, takan sa a saki wasu sinadaran saƙo cikin jini, ciki har da furolaktin, wanda shi ke kawo wa mai jego ruwan nono, ko da yake maza ma suna da shi kaɗan. A jikin mai lafiya sinadarin yakan hau. A jikin waɗansu masu ciwon baƙin ciki mai tsanani kuwa, ana ganin alamar da kyar yake motsawa. Ana ƙwanƙwasa ƙofa, ba wanda ke da ƙarfin tasowa ya buɗe.

Ranar da na fahimci wannan, karsanar Inna na tuna. Ashe mu ma gwajin muka yi, da abin da ya fi ƙauna a duniya, sai dai da muka ga bai amsa ba muka kira abin raini.

Nakan tambayi kaina me zai ce da yana raye. Na san Habun da, mai lafiya, dariya zai yi har ya riƙe ciki, ya ce: "Auta, duk bokon naka a nan ya ƙare, kana neman ruwan nono a jinin ƙato?" Wannan Habun nake so in ji, kuma shi ne ya riga gangar jikinsa tafiya.

Dole in faɗi iyakar abin da na sani. Binciken nan jariri ne, masu yin sa ma ba su gama yarda da juna ba, kuma bai kai a yanke hukunci da shi a kan mutum guda ba. Daga Magariya har Dungas babu inda ake yin sa. Ko da akwai, ba a ɗibar jinin wanda ƙasa ta rufe.

Duk da haka, da na zo gida na zauna da Inna da hantsi, tana ɓarar gyaɗa, na yi mata bayani dalla-dalla. Ta saurara har na gama.

"To, likita bokan Turai," ta ce, "ka auna jinin nasa?"

"A'a, Inna."

"Da me ka sani ke nan?"

"Ban sani ba tabbas. Amma alamun duk na ciwo ne. Ki yafe masa, don Allah."

Ta ture ƙwaryar gyaɗar gefe. Sannan ta ce: "Auta, in taurin kai ne, shi ya yi mini laifi. In kuwa ciwo ne, ni ce na yi wa majinyaci baki a gaban jama'a, ya mutu da shi. Wanne kake so in ɗauka in tafi da shi?"

Na zo da ilimina don in wanke mamaci, ashe ba zai wanku ba sai an ɗora wa tsohuwa kayan da ya fi ƙarfinta.

Abin da ya rage na Yaya Habu kaɗan ne: gonarsa da wani ke nomawa, da barkwancinsa da tsaransa ke maimaitawa ba tare da sun ambaci mai shi ba. Ina da yaƙinin wata rana za a iya duba jinin irinsa a ce wannan majinyaci ne, a yi masa magani. Wannan ranar ba za ta riski Inna ba. Ƙarfinta na raguwa, ni kuma na daina roƙonta. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe musu su biyun, tun da Shi ba Ya bukatar awo.