Raufu Ɗan Abike da Matan Bayan Dutse

Alhaji Maitama, kai ne ka tsaya bakin rumfar Raufu ran kasuwar da ta wuce, gaban mahauta da masu lodin auduga, ka ce ya kwashe ƙarafansa ya koma garinsu. Ba labari aka ba ni ba, ina wurin da ƙwaryar daddawata. Ka ce ƙungiyarku ta masu rumfuna za ta ja shagunan bulo daga bakin tasha har gindin ɗorawa, kuma 'yan gari za a ba. Da wani ya ce maka bawan Allah nan ya daɗe a wurin, sai ka ce me ya taɓa tsinana wa Mararrabar Gamji ban da yawon banza a kan duwatsu. To gyara zama, yau za ka ji labarin yawon.

Wanda bai san Raufu ba, ya biyo hanyar Funtua zuwa Malumfashi da sassafe ya tsaya garinmu. Zai ga wani siririn mutum mai furfura a gemu yana jan ƙafar hagu, yana share gaban rumfar kara. In ya gama sai ya shimfiɗa tsohon buhu, ya jera sifanu daga babba zuwa ƙarami. Daga nan ya juya ga wani jan babur da ke jingine a ciki, ya goge shi tsaf, ya sa ƙafar dama ya buga kik, ya bar shi ya ɗan yi gurnani, ya kashe. Ba ya iya hawansa yanzu. Ya ce dai inji in ba ya jin wuta ciwo yake yi, kamar mutum. Sai ya zauna ya sha kokonsa, ya jira mai faci ko wanda kacarsa ta tsinke.

A garin nan aka yanke masa cibi, bayan masallacin Juma'a. Uwarsa Abike, Bayarabiya, ta zo daga kudu tana yarinya da tiren koli a ka: allura, zare, tozali, madubi. Ita kaɗai ce 'yar kasuwar da ke hawa Bayan Dutse, wato ƙauyukan da ke maƙale cikin duwatsun nan ta wajen Kafur da Danja, inda ko amalanke ba ta shiga. Da Raufu a bayanta take hawa. Tun bai iya tafiya ba ya san hanyoyin.

Can ƙasar noma ke da kyau, shi ya sa 'ya'yanmu mata da yawa can suke aure. Abin baƙin cikin shi ne, in uwa ta kwanta ciwon ajali a gari, kafin ɗan aike ya taka da ƙafa ya isa, kafin ɗiyar ta sauko, an riga an dawo daga maƙabarta. Mata nawa ne suka iso suka tarar ana naɗe tabarmin gaisuwa?

Bayan an canza hannun tuƙi da kaɗan Raufu ya sayi babur ɗin nan. Ya sa masa tayoyi masu manyan haƙora, ya ɗaure galan biyu na fetur a gefe, da famfo da kayan faci da igiya. Wani ya roƙe shi ya ɗauko masa ɗiya, ya je ya ɗauko. Shi ke nan, ya zama duk gidan da ciwo ya tsananta ko aka yi rashi, sai a ce a kira ɗan Abike.

Yana da yadda yake yi. Ba ya shiga gida, sai ya yi sallama da maigida a waje ya nemi izini. Akwai matashin kai da yake ɗaurewa a tsakiyar kujera, don kada matar mutum ta jingina da shi a gangara. In an riga an rasu, ba ya faɗa a can sama, don kada ta some masa a kan hanya. Sai sun sauko ƙoramar ƙarshe, gindin wata tsamiya, ya tsaya ya ce ta sauka ta sha ruwa. A nan zai gaya mata, ya juya baya ya yi kamar yana duba taya har ta gama kukanta, ta wanke fuska. Matan da suka zauna gindin tsamiyar nan suna nan da rai, a tambaye su.

Sai dai babur ɗaya ne tak ke hawa duwatsun, kuma dutse yana amsa ƙara. Tun yana ƙasa ake jin sa a ƙauye uku. Ba a daɗe ba ƙarar nan ta zama abin tsoro. Da an ji ta, mai daka ta saki taɓarya, mai tuƙi ta bar muciya cikin tukunya, kowace tana lissafin wanda ta baro ba lafiya a gida.

Akwai Asma'u, yarinya mai tsohon ciki, ta san babanta na kwance a gari. Tana kan falalen dutse tana shanya barkono ta ji ƙarar. Ta zabura ta yo ƙasa da gudu, santsi ya kwashe ta. Ita ta rayu, abin da ke cikin bai zo da rai ba. Kuma ba wurinta Raufu ya zo ba, gidan gaba aka aike shi.

Yana tsaye bakin darni, hula a hannu, surukar Asma'u ta fito. Tsohuwa ake ce mata, mace ce da ba ta iya ɓoye magana.

"Ba laifinka ba ne, ɗan nan," in ji ta. "Allah ya riga ya rubuta. Amma ƙarar abin nan naka ba ta taɓa kawo mana alheri ba."

Ya mayar da hularsa a ka. Ya sauko, ya yi kwanaki bai buɗe rumfa ba. Mu duka mun ɗauka ya bar aikin ke nan, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Wata Alhamis sai ga shi ya ɗaure ƙullin gishiri da kanwa da ashana a bayan babur, ya nufi dutse, alhali kowa a gari lafiyarsa lau.

Waɗanda ke wurin sun ce da ya isa, ƙauyen tsit, mata sun taru bayan Tsohuwa suna jiran a faɗi sunan gida. Ita ce ta tako.

"Wa ya rasu?"

"Ba kowa, Inna."

"Wa ke kwance?"

"Kowa ƙalau. Baban Asma'u ma jiya ya fita gona."

"To me ya hau da kai?"

"Fura na zo sha."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Duk furar Funtua ta ƙare ne, sai tawa? Ka ƙona mai, ka kusa kashe mu da faɗuwar gaba, don fura?"

"An ce taki ta fi yaji."

"Wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba. Zauna, ɗan banza."

Aka dama masa ya sha, ya raba gishiri, ya wuce ƙauye na gaba, can ma ya ce fura ya zo sha. Da ya dawo na tambaye shi ko ya sami taɓin hankali ne. Ya ce, "Gwaggo, in kullum mutuwa nake kai musu, dole su ji tsorona. Zan riƙa zuwa haka kawai, har su gaji da ni."

Wannan shi ne yawon banzan, Alhaji. Shekara fiye da goma, rani da damina, yakan rufe rumfa ya bar masu gyara suna tafiya wurin wani, ya yi kwana biyu ko uku yana zaga duwatsun. Ba hanya ba ce irin wadda ka sani. Turbar shanu ce, wani wuri falalen dutse ne sumul, sai ya miƙe tsaye kan babur ya ba shi wuta. Wani wuri kwazazzabo ne, sai ya sauka ya tura, injin na kuka shi yana haki. Ƙaya ta huda taya ya zauna ya yi faci a rana. Ya kwana zauren wanda dare ya same shi. Kuma ba ya hawa hannu wofi, kafin ya tafi sai ya bi gida-gida yana tambaya, me za a gaya wa wance? Uwarki ta ce akuyarki ta haifi tagwaye. Ƙaninki ya shiga makarantar Malumfashi. An sa ranar Ladi, ki fara tanadin zane. Irin maganganun da ba mai taka dutse da ƙafa don su.

Sannu a hankali abin ya juya. Yara suka koma tarar sa tun daga gangara. Mata in sun ji ƙarar sai su ce ga mayen fura nan, a ɓoye ƙwarya. Ranar kuwa da saƙon mai nauyi ne, tun daga ƙasan ƙauye yake kashe injin, ya tura babur ɗin a hawa da ƙarfin ƙirjinsa har ƙofar gidan da aka aike shi, don kada ƙarar ta sake ɗaukar mugun labari. Asma'u ta sake samun ciki, ta haihu lafiya. Ran suna ita da kanta ta sa aka ce ya zo da ƙara, kada ya kuskura ya kashe.

Kai ma ka ci moriyar yawon nan, ko ka manta? Daminar da mahaifiyarka ke kwance tana kiran sunan ƙanwarka Sakinatu da ke aure a Bayan Dutse, wa ka je ka samu? Ruwa ya kwana yana zuba, kowa ya ce ba a ƙetare ƙorama. Raufu ya tafi. Don ya saba da mutanen wurin, samari suka fito suka sa itace suka ɗaga babur a kafaɗa, ruwa iya ƙirji. Fulogi ya jiƙe, ya kwance ya goge da bakin rigarsa, ya hura, har ya tashi. La'asar sakaliya ya sauke Sakinatu a ƙofar gidanku, su biyun laka har ka. Hajiya ta ɗora hannu a kan ɗiyarta, ta sa mata albarka, kafin magariba ta cika. Kai ne ka riƙe hannuwansa biyu a zaure kana hawaye, kana cewa Raufu kai ɗan'uwa ne. Ni ce na kawo masa ruwan wanke ƙafa, da kunnena na ji.

Daminar bara gefen kwazazzabo ya zabtare da shi, babur ya danne masa ƙugu. Mutanen Bayan Dutse ne suka ɗora shi a gadon kara suka sauko da shi a ka, suna karɓa-karɓa, mata na biye da ruwa. Ɗorin bai kama daidai ba. Tun daga nan rumfar nan ce kaɗai abin da ya rage masa. A nan yake cin abinci, a nan matan dutse ke samun sa ran kasuwa su gaishe shi, wata ta ajiye gyaɗa, wata ƙwan zabi.

Jiya na bi ta wurin na tarar yana ɗaure kayan aikinsa cikin buhu.

"Me kake yi haka?"

"Gwaggo, bari kawai. Ba na son a yi rigima a kaina."

"Ina za ka?"

"An ce akwai dangin Iya a Offa."

"Ka san su?"

Ya yi ɗan murmushi. "Na san sunan unguwar."

Mutumin da kabarin uwarsa ke maƙabartarmu, wanda in ya yi mafarki da Hausa yake yi, shi ne zai ja gurguwar ƙafa ya je yana tambayar sunan unguwa.

Raufu ɗan Abike, jan babur mai hawa inda jaki ke ja da baya. Kai ne ka ga tsoro a idon matan da ba danginka ba, ka ɗauke shi ya zama damuwarka. Kai ne ka tura ƙarfe a hawa don kada gaban wata ya faɗi. Kai ne ka juya baya gindin tsamiya ka bar 'ya'yanmu suka yi kuka da mutuncinsu. Ba sarki ya naɗa ka ba, ba gwamnati ta aike ka ba. Mun gode. Allah ya saka maka, ya jiƙan Abike da ta goya ka a kan duwatsun nan, ya sa yadda ka sauƙaƙa wa mutane kai ma a sauƙaƙa maka. Kwance buhun nan ka mayar da sifanunka inda suke.

Ku kuma samarin da kuka cika tasha da sababbin babura kuna tayar wa tsofaffi ƙura, tunda ya faɗi ba wanda ya hau Bayan Dutse don gaisuwa. Ku je rumfarsa ya kwatanta muku hanya tun yana nan. In za ku hau, ku bi gidaje ku tambayi abin da za a gaya wa wance.

Saura kai, Alhaji Maitama. Na aika dutse, ran kasuwa mai zuwa matan za su sauko. Asma'u za ta zo, Sakinatu za ta zo, Tsohuwa ta ce ko a gadon kara ne a kawo ta. Bakin rumfar za mu zauna. Ba ma son ɗan aike, ba ma son goro. Ka zo da ƙafarka ka tsaya inda ka tsaya, ka dubi ƙanwarka, ka maimaita abin da ka faɗa in za ka iya. In ba za ka iya ba, ka faɗa gaban mahautan nan cewa rumfa tana nan daram, ka ba mutumin nan haƙuri da bakinka. In kuma ka ce ƙafa na maka ciwo ran nan, ka aiko mu sani, za a tura babur ya ɗauko ka.