Gem ɗin da Maharazu Ya Ƙi Turawa

Kullum da safe, kafin ya gama ɗaga ƙofar shago, Maharazu yakan zauna da kofin koko ya buga sabon gem har ya ga inda ya dosa. In ya ga tsiraici ko caca, ya goge. In mai kyau ne, ya ajiye a kwamfuta don masu zuwa a tura musu a waya. Haka yake yi a Durumi tun zuwansa daga Katsina, lokacin da benaye ke tsirowa a Abuja kamar gero bayan ruwan shuka. Iyaye sun yarda da shi. Yakan ce shi bai taɓa hana kowa komai ba, ai mai tumatir ma yana ware ruɓaɓɓe.

Da wannan sana'a ya ɗauki nauyin karatun 'yarsa Muhibba, har ta iya haɗa gem da kanta. Nata na rusau ne. Katafila tana tahowa, kai kuma kana fitar da abin da hannu zai iya ɗauka, tukunya, katifa, tsohuwa. Babban kantin gem na intanet ya karɓa, ya kwana biyu ya sauke, wai bai dace da tsarinsu ba.

Ranar da aka sauke gem ɗin, Muhibba ta same shi a shago tun bai gama ɗaga ƙofa ba.

"Baba, ka buga kuwa?"

"Na buga."

Ya buga ɗin. Ya gane lungunsu na farko da aka rushe, har da bishiyar mangwaro. Ya yi ta ƙoƙarin fitar da keken ɗinkin marigayiya Mariya, uwar Muhibba, katafila tana riga shi.

"To ka saka shi cikin na turawa mana. Waɗancan ba su san Durumi ba. Kai ka sani."

Maharazu ya dubi waje. Duk shagunan layin an shafa musu jan fenti na alamar rusau, ban da nasa. 'Ya'yan wani oga na ofishin rusau nan suke zuwa duk Asabar, direba yana jiransu.

"Yara ba sa son irin wannan," ya ce. "Ba ƙwallo, ba tseren mota."

"Yaran Kure mai shayi sun buga a wayata har caji ya ƙare."

"Bai dace da shagon nan ba."

Ta yi dariyar da ta fi kuka ciwo. "Wallahi Baba, har maganar iri ɗaya. Ko kai ka rubuta musu?"

"Kul, 'yar nan! Ni ban hana ki ba. Ki tura wa duk wanda kika ga dama."

"Su ma haka suka ce."

Akwai wuta, fanka na ta juyawa, amma ya ce bari ya sayo man janareta. Ya ɗauki jarka, ya sunkuya ta ƙarƙashin ƙofa ya fita.